SBIR: Yadda Pentagon ke sarrafa kuɗin binciken soja da doka ta ware wa ƙananan kamfanonin fasaha

Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda aka fi sani da Pentagon, ita ce ta fi kowace hukuma ta gwamnatin ƙasar kashe kuɗi a kan bincike da ƙere-ƙere. Mafi yawan kuɗin manyan 'yan kwangila ne ke kwashewa, irin su Lockheed Martin da Boeing. Amma tun daga 1982 akwai wani ɗan yanki da doka ta killace, wanda ba mai taɓa shi sai kamfanin da ma'aikatansa ba su haura 500 ba. Shirin da ke raba wannan yanki ana kiran sa SBIR a taƙaice, wato shirin binciken ƙirƙira na ƙananan kamfanoni. Yana da ƙane mai suna STTR, wanda ke wajabta wa kamfanin ya haɗa hannu da jami'a ko wata cibiyar bincike.

Hukumomin tarayya 11 ne ke cikin SBIR, kuma abin da shirye-shiryen biyu ke rabawa ya haura dala biliyan 4 a shekara. Kusan rabin wannan kuɗi daga Pentagon yake fitowa. Rabon kuɗin shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin jami'an da ke kula da shirin. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai rubuta tambayar da za a biya kamfani ya amsa, kuma wa zai sayi amsar idan ta samu. Kusan duk gardamar da aka yi a kan shirin cikin shekaru arba'in da suka wuce, daga nan ta samo tushe.

Asalin shirin

Ba a barikin soja aka haifi SBIR ba. Wani jami'in Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, NSF, mai suna Roland Tibbetts, wanda ya yi aiki a kamfanoni masu zaman kansu kafin ya shiga gwamnati, shi ne ya tsara shi, aka fara gwada shi a gidauniyar a 1977. Hujjarsa ita ce kuɗin bincike na gwamnati duk yana ƙarewa ne a jami'o'i da manyan kamfanoni, alhali ƙaramin kamfani mai sabuwar dabara ba banki da zai ba shi rance, ba kuma mai zuba jari da zai saurare shi, matuƙar dabarar tana kan takarda. A 1979 wani masani na jami'ar MIT, David Birch, ya fitar da rahoton da ya ce ƙananan kamfanoni ne ke samar da mafi yawan sabbin guraben aiki a Amurka. Rahoton ya zo daidai lokacin da Amurkawa ke fargabar masana'antun Japan za su sha gabansu, sai ya samu karɓuwa a majalisa.

Jami'o'i sun yi adawa da ƙudurin dokar, don sun san daga tukunyar da suke ci za a ɗebo. Duk da haka Shugaba Ronald Reagan ya sa masa hannu a watan Yulin 1982. Kason ya fara ne da kashi 0.2 cikin 100, ya hau zuwa 1.25. Dokar 1992 ta kai shi 2.5, ita ce kuma ta ƙirƙiro STTR. Dokar 2011 ta ci gaba da ɗaga shi sannu a hankali har ya kai 3.2 a shekarar kasafi ta 2017, na STTR kuma ya tsaya a 0.45.

Ga Pentagon, shirin ya ƙara nauyi bayan yaƙin cacar baka. A 1993 mataimakin sakataren tsaro na lokacin, William Perry, ya tara shugabannin kamfanonin makamai a wata liyafar cin abincin dare, ya shaida musu cewa kasafin tsaro zai ragu, ba kuma dukkansu za su rayu ba. Sai aka shiga haɗe-haɗe, babba na haɗiye ƙarami. Wani rahoto da ma'aikatar ta fitar da kanta a Fabrairun 2022 ya nuna manyan 'yan kwangilar jiragen sama da makamai sun ragu daga 51 a shekarun 1990 zuwa 5. Mai saye ɗaya da masu sayarwa biyar ba kasuwar da farashi ke sauka ba ce, kuma SBIR na daga cikin 'yan ƙofofin da baƙo zai iya shigowa ta cikinsu.

Kuɗin da ba shi da layi a kasafi

Majalisa ba ta ware wa SBIR ko sisi da sunansa. Dokar ta ce ne duk hukumar da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da wasu na waje ke yi mata, to ta yanke kason daga cikin wannan kuɗi. STTR kuwa yana hawa kan hukumar da nata ya haura dala biliyan 1. Wato ofishin da ke ƙera jirgin yaƙi ko makami mai linzami yana buɗe kasafinsa ne ya tarar an riga an zaftare wani abu. Shi ya sa jami'an waɗannan ofisoshi suka daɗe suna kiran shirin haraji.

Wannan suna yana bayyana halayya iri biyu da ake gani. Wani jami'in yakan ɗauki abin da aka yanke masa a matsayin asara, ya manta da shi. Wani kuma yakan ce tun da dai an cire, bari in rubuta maudu'in bincike da zai warware mini wata matsala ta gaske, kuɗina ya dawo mini ta bayan gida. Nasarar shirin a kowace runduna ta dogara ƙwarai da yawan jami'ai irin na biyu.

Hukumar Kula da Ƙananan Sana'o'i, SBA, ita ke rubuta ƙa'idojin da duk hukumomi ke bi, amma ba ta zaɓen wanda zai ci kwangila. A cikin Pentagon, ofishin ƙaramin sakatare mai kula da bincike da injiniyanci ne ke sa ido, sannan kowane reshe yana gudanar da nasa: Sojin Ƙasa, Sojin Ruwa, Sojin Sama, hukumar binciken fasahar zamani DARPA, hukumar kariya daga makamai masu linzami, rundunar ayyuka na musamman, da wasu ƙananan hukumomi. Shekaru da dama doka ta hana a taɓa kuɗin shirin don biyan hidimar gudanar da shi, abin da ya sa aikin yakan faɗa kan injiniyan da ke da wasu ayyukan a gabansa. Sai a dokar 2011 aka yarda a yi amfani da kashi 3 cikin 100 na kuɗin wajen gudanarwa, da wayar da kan kamfanoni, da farautar masu zamba.

Sharuɗɗan shiga a fili suke. Dole kamfanin ya kasance na neman riba, yana da mazauni a Amurka, a can kuma zai yi aikin. Fiye da rabin mallakarsa ya kasance a hannun 'yan ƙasar ko masu izinin zama na dindindin, sai wani ɗan sassauci da aka yi wa kamfanonin da masu zuba jari suka mallaka. Ma'aikata 500 ɗin nan har da na kamfanonin da ke da alaƙar mallaka da shi ake ƙirgawa. Kamfanin da ke wata ƙasa ba shi da hanyar nema, kuma duk wanda ya tallata akasin haka a intanet ba wannan shiri yake nufi ba. A SBIR, jagoran binciken dole ya kasance ma'aikacin kamfanin ne a mafi yawan lokacinsa. A STTR kamfanin zai yi aƙalla kashi 40 na aikin, cibiyar binciken kuma aƙalla kashi 30.

Mai rubuta tambaya

Hukumomi irin su NSF da cibiyoyin binciken lafiya tallafi suke bayarwa: mai bincike ya zo da dabararsa, idan ta burge a ba shi kuɗi. Pentagon kwangila take bayarwa, domin ita kanta ce ke sa ran zama mai saye. Wannan bambanci shi ne ya tsara yadda ake gudanar da komai.

A tsarin da aka gada, aikin yana farawa ne da maudu'i. Wani injiniya ko masanin kimiyya a ɗakin binciken runduna, ko a ofishin da ke kula da wani makami, zai rubuta shafi ɗaya ko biyu yana bayyana abin da ake buƙata: batirin da zai jure sanyi, ko manhajar da za ta bambance ƙarar jirgin ƙarƙashin teku da hayaniyar ruwa, ko fentin da gishirin teku ba zai ci ba. Maudu'in zai bi ta hannun shugabanni, a tace, a tabbatar bai maimaita wani ba, bai kuma tona asirin soja ba. Daga nan a wallafa shi a shafin ma'aikatar na karɓar tayi.

Akwai 'yan makonni kafin buɗe karɓar tayi da kamfani ke da damar kiran marubucin maudu'in kai-tsaye ya tambaye shi abin da yake nufi. Da zarar an buɗe, wannan ƙofa ta rufe, duk tambaya sai a rubuce, amsar kuma kowa zai gani. Tsofaffin hannu sun san waɗannan makonni su ne zuciyar takarar, domin a nan ake gane ko akwai mai saye na gaske a bayan maudu'in, ko kuwa sha'awar masani ce kawai. Sabon shiga yakan ji labarin maudu'in bayan ƙofar ta rufe.

Ma'aikatan gwamnati ne ke duba tayin, galibi da marubucin maudu'in a cikinsu. Abu uku suke aunawa: ingancin dabarar da sabuntarta, ƙwarewar waɗanda za su yi aikin, da yiwuwar abin ya zama kayan sayarwa ga soja ko ga farar hula. Doka ta ba su kwana 90 su yanke hukunci, ana kuma so a sa hannu a kwangilar cikin kwana 180. Ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya sha ba da rahoton cewa rassan ma'aikatar da dama ba sa cika wannan wa'adi. Ga Lockheed Martin jinkirin wata uku ba komai ba ne. Ga kamfani mai mutum takwas, albashin wata uku ne.

Matakai uku

Mataki na ɗaya gwaji ne na ko dabarar za ta yiwu, yakan ɗauki wata shida zuwa shekara. Mataki na biyu shi ne ƙera samfuri, yakan ɗauki shekara biyu. Dokar 2011 ta sa ma'aunin dala 150,000 ga na ɗaya da dala miliyan 1 ga na biyu, ana kuma daidaita su da hauhawar farashi, ta yadda zuwa 2024 suka haura dala 300,000 da dala miliyan 2. Dole kamfanin ya yi kashi biyu cikin uku na aikin mataki na ɗaya da kansa, da rabin na biyu, don kada ya zama dillalin da ke karɓa ya miƙa wa babba. Kamfanin da ya riga ya tabbatar da dabararsa da kuɗinsa yana iya tsallakewa kai-tsaye zuwa mataki na biyu. Gwamnati ba ta karɓar hannun jari, ba ta kuma neman a biya ta.

A mataki na biyu ne ƙaramin kamfani ke fara ɗanɗana nauyin hulɗa da soja. Idan kwangilar irin wadda ake biyan abin da aka kashe ce, masu binciken kuɗi na ma'aikatar za su duba littattafan kamfanin, su ga ko yana raba kuɗin kowane aiki daban, ko kowane ma'aikaci yana rubuta sa'o'insa kullum. Akwai ƙa'idojin tsare kwamfutoci daga masu kutse, da dokar hana fitar da fasahar soja, wadda ke iya hana ɗalibi ɗan wata ƙasa da ke aiki a kamfanin ganin zanen da ke kan teburin abokin aikinsa.

Mataki na uku shi ne mafi daraja, kuma shi ne ba a ware masa ko kwabo ba. Duk wani aiki da ya samo asali daga na ɗaya ko na biyu, ko ya faɗaɗa shi, ko ya kammala shi, da kuɗin da ba na SBIR ba, mataki na uku ne. Doka ta ɗauka cewa takarar da aka yi a farko ta wadatar, don haka kowace hukumar gwamnati na iya bai wa kamfanin kwangila kai-tsaye ba tare da sabuwar takara ba. Ba iyakar kuɗi, ba iyakar lokaci, kuma ko kamfanin ya girma ya wuce mutum 500 haƙƙin yana nan. Idan wani ya saye kamfanin, ya saye har da haƙƙin. A tsarin sayayyar da takara ɗaya kan ci shekara ko fiye, wannan gata ne babba, kuma yana cikin dalilan da ke sa manyan kamfanoni sayen ƙananan.

Gata na biyu shi ne haƙƙin bayanan fasaha. Tun 2019, zane da manhaja da sauran bayanan da kamfani ya samar a ƙarƙashin shirin suna da kariyar shekara 20, wadda a cikinta gwamnati ba za ta miƙa su ga abokin hamayyarsa ta ce ya ƙera mata da araha ba. Sharaɗin shi ne kamfanin ya buga alamar kariyar a kan kowace takarda da ya miƙa. Wanda ya manta yana iya rasa haƙƙin.

Kwarin mutuwa

Haka ma'aikatan Pentagon ke kiran tazarar da ke tsakanin samfurin da ya yi aiki da odar saye. Dalilin tazarar yana cikin yadda ake tsara kasafi. Ofishin da ke kula da makami yana tsara abin da zai kashe kimanin shekara biyu kafin kuɗin ya iso hannunsa. Kuɗin kuma iri-iri ne, na bincike daban, na sayayya daban, na gyara da gudanarwa daban, kuma jami'in da ya karkatar da ɗaya zuwa hurumin ɗayan ya karya doka. Saboda haka kamfani na iya gama mataki na biyu da abin da sojoji suka gwada suka yaba, a ce masa ya yi haƙuri, ba a sa shi a kasafin bana ba, ba kuma na baɗi. Kafin kuɗin ya zo injiniyoyinsa sun watse.

Akwai wani cikas na ɗan'adam. Jami'an soja ana sauya musu wurin aiki duk bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya rubuta maudu'in ya yi ta bibiyarsa, sau da yawa ba ya nan ranar da samfurin ya kammala, magajinsa kuma yana da nasa damuwar. Sannan mai kula da babban makami ana auna shi ne da cika lokaci da rashin wuce kasafi, ba wanda zai tuhume shi don ya ƙi sa sabon abu daga kamfanin da bai sani ba. Idan ma ya so, babban ɗan kwangilar da ke haɗa makamin ne zai sa abin a ciki, shi kuwa yana iya samun nasa da yake son sayarwa.

Rundunar Sojin Ruwa ta fuskanci wannan ta hanyar ɗaure maudu'i da mai saye tun daga tushe. Mafi yawan maudu'anta ofisoshin da ke sayen jirage da makamai ne ke rubuta su, ba ɗakunan bincike ba, kuma tana haɗa ɗan ƙarin aiki da kwangilar mataki na ɗaya wanda ake kunnawa don kamfanin ya samu abin riƙewa kafin a sa hannu a na biyu. Misalin da aka fi kawowa shi ne na na'urar sauraren sauti ta jiragen ƙarƙashin teku. A shekarun 1990, kasafi ya ragu, jiragen abokan hamayya kuma sun rage ƙara. Wani ƙaramin kamfani na jihar Virginia, Digital System Resources, ya ƙera na'urar sarrafa sauti da kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa maimakon na musamman da ake ƙera wa soja, da kuɗin SBIR. Rundunar ta ɗora tsarin sabunta jiragenta a kan wannan, ana sauya manhaja da na'urori a kai a kai. General Dynamics ya saye kamfanin a 2003. A 2022 ya kuma saye Progeny Systems, wani da ya girma ta hanya ɗaya. Masu yabon shirin suna ganin nasara ce. Ana kuma iya lura cewa ƙananan da aka reno don su yi gogayya da manya biyar ɗin nan, a cikinsu suka ƙare.

Sojin Sama sun ɗauki wata hanya daban. A 2018, ta hannun sashensu na ƙirƙira mai suna AFWERX, suka fito da buɗaɗɗen maudu'i: maimakon runduna ta faɗi abin da take so, kamfani ya zo da abin da yake da shi ya nuna inda zai yi wa soja amfani. Kwangilar farko ƙarama ce, dala 50,000 na wata uku, kuma aikin kamfanin a wannan lokaci shi ne ya nemo wani ofishi a rundunar da zai sa hannu a takarda cewa yana son abin. Ba takarda, ba mataki na biyu. A watan Maris na 2019, ƙarƙashin jagorancin Will Roper, shugaban sayayya na rundunar a lokacin, aka yi taro a New York inda kamfanoni 51 suka gabatar da kansu, suka sa hannu a kwangila mai shafi ɗaya, aka biya su kuɗin farko nan take da katin banki na gwamnati. Daga baya aka ƙara wani tsari, STRATFI, da ke ba da dala miliyan 3 zuwa 15 ga kamfanin da ya samo kwatankwacin kuɗi daga mai saye a gwamnati ko daga masu zuba jari.

Wasu masana tattalin arziki huɗu, Sabrina Howell da Jason Rathje da John Van Reenen da Jun Wong, sun auna hanyoyin biyu a wani nazari da suka fitar a 2021. Sun kwatanta kamfanonin da suka ci da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar. Sun gano cewa cin buɗaɗɗen maudu'i yana ƙara yiwuwar samun jarin 'yan kasuwa da kwangilar soja wadda ba ta SBIR ba, cin maudu'i na gargajiya kuwa abin da ya fi ƙarawa shi ne yiwuwar sake cin wani SBIR ɗin. Ya kamata a san cewa Rathje yana cikin waɗanda suka gudanar da sabon tsarin a rundunar. Kuma buɗaɗɗen maudu'i ya fi dacewa da manhaja da jirage marasa matuƙa, waɗanda ke da kasuwar farar hula. Ba ɗan kasuwar da zai zuba jari a kan gyaran na'urar harba jirgi daga kan jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi, amma rundunar na buƙatar wani ya yi. Dokar 2022 ta wajabta wa kowane reshe na ma'aikatar ya buɗe irin wannan maudu'i aƙalla sau ɗaya a shekara, ba ta kuma soke na gargajiya ba.

Waɗanda suka zauna daram

Sunayen da ake ambata idan ana tallar shirin su ne irin su Qualcomm, wanda ya samu kwangilolin SBIR daga Pentagon da NSF a ƙarshen shekarun 1980 yana ƙaramin kamfani a San Diego, da iRobot, mai mutum-mutumin PackBot da sojoji suka yi amfani da shi wajen kwance bama-bamai a Iraƙi da Afghanistan. Waɗannan sun ci sun tashi. Akwai kuma waɗanda suka ci suka zauna: kamfanonin da suka tara ɗaruruwan kwangiloli cikin shekaru, suna da ma'aikatan da ba su da aiki sai rubuta tayi, suna kuma kula kada su haura mutum 500. Masu suka suna yi musu laƙabi da injinan niƙa. Da yawansu a California da Massachusetts suke, jihohi biyun da suka fi kowace cin shirin, abin da ke sa gardamar ta zama ta 'yan majalisar da jiharsu ke samu da waɗanda tasu ba ta samu.

Hukuncin ba shi da sauƙi. Physical Optics Corporation na California yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan kwangilolin SBIR a tarihi, kuma ya kai ga sayar wa soja kayan lantarki na jiragen yaƙi, har Mercury Systems ya saye shi a kan dala miliyan 310 a 2020. Jami'in da ke da matsala mai wuya da ɗan lokaci kaɗan yakan fi son wanda ya san ƙa'ida, yana da izinin ganin bayanan sirri, bai taɓa ba shi kunya ba. Amma kowace kwangila da ta tafi wurin tsohon hannu, wani sabo ne bai samu ba, kuma dabarun ƙananan kamfanoni da ma'aikatar ta fitar a Janairun 2023 sun amsa cewa yawan ƙananan kamfanonin da ke hulɗa da ita ya ragu da fiye da kashi 40 cikin shekara goma.

Dokar 2022 ta sa ma'auni. Kamfanin da ya ci mataki na ɗaya fiye da sau 50 cikin shekara biyar dole ya nuna ya kai rabin adadin zuwa mataki na biyu. Wanda ya ci mataki na biyu fiye da sau 50 cikin shekara goma dole ya nuna ciniki ko jari na dala 250,000 a kan kowanne, wanda ya haura 100 kuma dala 450,000. Wanda ya gaza, za a taƙaita shi zuwa kwangila 20 a shekara daga kowace hukuma. Masu suka sun ce wannan hukunci ne da ba ya ciwo.

Zamba ta zahiri kuwa tsohuwar matsala ce mai kamanni sanannu: sayar da aiki ɗaya ga hukumomi biyu, ko sa sunan masanin da bai san da tayin ba, ko kamfanin da adireshinsa gidan mai shi ne alhali a ɗakin binciken jami'a ake aikin. An gurfanar da mutane da dama a kan irin haka, ciki har da malaman jami'a.

China, da wa'adin da ke ƙarewa

Wani bincike na cikin gida da Pentagon ta yi a 2021, wanda jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo a shekara mai bi, ya kawo misalan kamfanonin da suka ci kuɗin shirin sannan fasahar ko masu ita suka koma China, wasu ta hanyar shirye-shiryen gwamnatin ƙasar na jawo ƙwararru, wasu ta hanyar jari. Dokar 2022 ta ɗora wa jami'an shirin sabon aiki a kan haka. Kowane mai nema sai ya bayyana masu mallakarsa, da alaƙarsa ta kuɗi, da ta manyan ma'aikatansa, da China ko Rasha ko Iran ko Koriya ta Arewa. Hukuma na da ikon ƙin ba da kwangila saboda wannan, da karɓe kuɗinta idan aka ɓoye mata gaskiya. Injiniyan da aikinsa a da shi ne auna ingancin dabara, yanzu sai ya jira jami'an tsaro su gama nasu binciken, kamfanin da aka ƙi kuma sau da yawa ba a yi masa cikakken bayanin dalili.

Wasu ƙasashe sun kwaikwayi tsarin, Japan a 1999, Birtaniya a 2001, Indiya kuma ta buɗe nata na tsaro mai suna iDEX a 2018. A gidansa kuwa majalisa ta saba ba shi wa'adi ne mai ƙarewa. Tsakanin 2008 da 2011 ya rayu a kan ƙarin wa'adi na gajeren lokaci fiye da sau goma. A 2022 Sanata Rand Paul ya riƙe shi a kan batun China da na injinan niƙa, sai a ranar ƙarshe, 30 ga Satumba, aka sa hannu a ƙarin shekara uku.

A 2025 rikicin ya dawo. Sanata Joni Ernst ta jihar Iowa, shugabar kwamitin ƙananan sana'o'i, ta nemi a sa iyakar dala miliyan 75 a kan abin da kamfani ɗaya zai iya ci a tsawon rayuwarsa, a kuma tsananta binciken alaƙa da ƙasashen waje. Sanata Ed Markey na Massachusetts ya ƙi amincewa da iyakar, ya nemi a mai da shirin na dindindin. Majalisar Wakilai ta amince da ƙarin shekara ɗaya, Majalisar Dattawa ba ta bi ba, wa'adin ya cika a ranar 30 ga Satumba, 2025. Kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu sun ci gaba, haka ma na mataki na uku, tun da ba kuɗin shirin suke ci ba. Sabbin maudu'ai da sabbin kwangiloli ne aka dakatar, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne kamfanonin da suka gama mataki na ɗaya a ƙarshen bazarar shekarar suna jiran na biyu.